Garin Sha'ir a Kan Garwashi

Kwana arba'in da takwas ke nan da ƙanƙara ta zaftaro ta binne Yangzom a hanyar tafki mai tsarki, amma mijinta Karsang ya ƙi ƙona mata garin sha'ir, wanda a al'adarsu matattu ke ƙoshi da hayaƙinsa a kwana arba'in da tara da suke yi kafin su wuce. Wadda ta bar miji ta tafi gaida ruwa, in ji shi, sai ruwa ya ciyar da ita.

Da dare, bayan matafiya sun kwanta a masaukinsa, wata mata ta shigo lulluɓe da mayafi, ta zauna gefen murhu. Ya zuba mata shayi mai man shanu.

"Sha, 'yar'uwa. Daga tafki kike?"

"Daga can."

Bakinsa na fitar da tururin sanyi, nata babu. Ba ta taɓa kofin ba. Sunkuyawa take tana shaƙar hayaƙin itace, kamar mai lasar tukunyar da aka riga aka wanke.

"Ba ki cin abinci ne?"

"Gobe zan wuce, ba dawowa," ta ce. "Ko cokali ɗaya na garin ka zuba a wutar nan, tsohon jaki."

Shekara talatin, mutum ɗaya ce ke kiransa haka.