Guɗar Tabawa

Dakta Lawandi Sambo ya ci amana, kuma ido buɗe ya ci ta, ba bisa kuskure ba. Mutane sun kai masa kayan gadonsu, ya narka su don a ce shi gwani ne. Duk wanda zai ce ilimi ne ya jawo, ya gyara bakinsa. Ilimi bai taɓa sa kowa cin amana ba, son a sani ne.

A Funtuwa abin ya faru, a zamanin da jirgin maganaɗisu ke kai mutum Legas kafin shayinsa ya huce, motocin gari kuma sun daina neman direba. Tsohon gidan gurzar auduga na bakin tasha shi aka mayar Gidan Adana Muryoyi, aka ɗora Dakta Lawandi a kan sashen faifan garmaho. A ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa yake ajiye da na'urar da ya ƙera, wadda ya raɗa wa suna Tantance. Ma'aikata kuwa, a bayan idonsa, Tukunya suke ce mata.

Ga yadda take aiki. A ɗora faifai a kan farantin gilashi, murfi ya sauko, wani siririn haske kore ya bi zanen tun daga baki har cibiya, ya kwashe sautin ba tare da allura ta taɓa shi ba. Sai ta tace sautin, ta fid da ƙarar tsufa da kartar allura. Daga nan sai aikin gano shekara. Faifan wancan zamani ba da roba aka yi shi ba. Ƙaron wani ƙwaro ne ake cuɗawa da garin dutse da baƙin hayaƙi da burbushin auduga, kowace masana'anta da irin haɗinta, haɗin kuma yakan sauya in kaya sun yi tsada ko yaƙi ya tare hanya. In aka kankari ɗan kaɗan a gefen faifai aka ba Tantance, takan kintaci zamaninsa, ta kuskure da 'yan shekaru. Iyakar abin da hukumar gidan ta yarje masa ke nan. Amma Dakta ya gano cewa in ta narka faifan ɗungurungum ta shaƙi tururinsa, sai ta faɗi shekara da wata da masana'anta, ba ta saɓawa.

Babu kundin faifai mai irin wannan daidaito a duniya, shi kuwa yana son sunansa a bangon na farko. Saboda haka ya jona mata injin kwafi, mai fitar da sabon faifai nauyi ɗaya, launi ɗaya, da koɗaɗɗen tambarinsa, har da tabon manja in akwai. Mai kaya ya zo, a miƙa masa, ya yi godiya ya tafi. Don kada wani mai bin diddigi ya gwada ya ga bambanci, ya umarci na'urar ta riƙa goge ɗanyen sautin da ta fara ɗauka, ta ajiye tatacce kaɗai.

Kowace Alhamis da hantsi masu tara faifai sukan taru a zauren saurare na gidan, su yi ta musu a kan lambobi da tambura. Shugabansu Alhaji Mudi Bagobiri ne, wanda ya ba gidan aron rabin dukiyarsa ta faifai, aka auna aka mayar masa. A irin wannan taro ne Hajiya Yalwa ta shigo tana dogara sanda. Tsohuwar ungozoma ce ta babban asibiti, rabin mutanen zauren ita ta yanke musu cibi, har da Dakta Lawandi.

"Katsinawa sun iso, kowa ya riƙe kayansa," in ji Alhaji Mudi.

"Kai Bagobiri, zanen fuskarka ya fi na faifan yawa. A ɗora maka allura mu ji abin da za ka rera."

Aka kwashe da dariya. Ta juya ga Dakta. "Ɗana, na zo karɓar ajiyata. Gobe za a kai jikata Ikilima ɗakin miji, a gidanmu kuwa amarya ba ta ƙetare zaure sai an sa mata guɗar Tabawa. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi mini."

Faifai ɗaya ta kawo watannin baya, na wani mawaƙi Barmo mai gurmi. Ranar da masu ɗaukar murya suka zo garin, kakarta Tabawa tana cikin 'yan kallo, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar waƙar, injin ya kama. Babu hotonta, kabarinta ma hasumiyar gidaje ta hau kansa. Guɗar nan ce kaɗai ta rage.

Dakta bai ji ko ɗar ba. Ya yi irin wannan miƙawa sau da yawa. Ya kawo faifan cikin sabon kube, ya ce da ɗan tinƙaho, "Mama, watan Maris na alif ɗari tara da hamsin da huɗu aka buga shi. Ko masana'antar da ta yi shi ba ta da wannan labari."

"Allah ya ƙara sani. Bagobiri, yi wa akwatin nan naka wani, in ji shi kafin in tafi."

Alhaji Mudi ya murɗa hannun garmahonsa ya yi masa wani, ya sa sabuwar allura, ya ɗora. Gurmi ya taso garau, muryar Barmo ta biyo baya kamar yana zaune a tabarma a gabansu. Wani ya ce, "Kai Dakta, wane irin wanki ka yi masa?" Dakta ya yi murmushi. Hajiya ta rufe ido, leɓenta na bin baiti. Da waƙar ta kai tsakiya sai ta ɗaga hannu, alamar kowa ya yi shiru.

Barmo ya tsaya da rerawa. Gurmi ya ci gaba shi kaɗai, ya yi ta tafiya, ba abin da ya hau kansa. Can sai muryar Barmo ta dawo cikin fara'a: "Madalla da Tabawa, Allah ya bar mana ke!"

Hannun Hajiya bai sauka ba. Ta buɗe ido. "Wa yake yi wa madalla?"

Nan take Dakta ya gane na'urarsa ta cire wani abu. Bai taɓa zama ya saurari faifan ba, shekararsa kawai ya nema. Ya yi maza ya ɗaga allurar. "Ƙura ce ta cike zanen, Mama. Bari in kai shi ƙasa in busa."

"Yanzu aka gama yabon wankinka," in ji Alhaji Mudi, amma ba da dariya ba.

Lif ɗin ya sauka da shi kamar ba zai isa ba. Ya faɗa ɗakin, ya kulle ƙofa.

"Tantance, faifan Barmo mai gurmi. Me kika cire a tsakiyar fuskar farko?"

Muryar na'urar ta fito a natse. "Wata ƙara mai tsini, mai karkarwa. Ta yi kama da kukan dakusasshiyar allura. Na cire ta."

"Guɗa ce, ke sakarya! Guɗar mace!"

"Ba a koya mini guɗa ba, Dakta. Fayafayan da ka horar da ni da su na Turai ne da na Indiya."

"To dawo da ita."

"Tana cikin ɗanyen sauti. An goge shi bisa umarninka."

Ya san amsar, amma ya jawo aljihun da ke ƙarƙashin tukunyar. Curarrun baƙin ƙaro ne jibge kamar sandararriyar kwalta, ba mai iya cewa wanne ne na wa. Ya tsaya yana kallo.

A nan Allah ya buɗe masa ƙofa. Da ya hau sama ya durƙusa gaban tsohuwar da ta fara ɗaukarsa a duniya, ya ce na yi ɓarna, da aƙalla ya tsira da ɗan guntun mutunci. Amma wanda ya saba da rufa-rufa gani yake kowane rami akwai tabarmar da za ta rufe shi.

"Nemo guɗa a taskar gidan nan."

"Akwai su da yawa a bidiyon bukukuwa, in ka nuna mini ɗaya. Wace iri kake so?"

Ya nuna mata. "Irin wannan. Zaɓi wadda ta fi kowacce kyau, ki tsufar da ita, ki dasa a gurbin. Buga sabo."

Injin ya yi gurnani, ya turo faifai da ɗuminsa. Dakta ya fifita shi da kube har ya huce, ya goge fuskarsa da hula, ya koma sama.

Ba wanda ya tafi. Alhaji Mudi ya karɓi faifan, ya juya shi, ya duba lambar da ke kusa da cibiya, ya ɗora. Dakta ya tsaya kusa da ƙofa. Barmo ya tsaya da rerawa. Sai guɗa ta tashi, doguwa, zaƙaƙa, ta hau ta sake hawa, ta sauka lafiya lau daidai inda Barmo ya ce madalla. Zaure ya ɗauki tafi. Dakta ya saki numfashi.

Hajiya Yalwa ba ta motsa ba.

"Lawandi." Ba ta ce ɗana ba. "Wace ce wannan?"

"Tabawa ce mana, Mama. Ƙurar ce ta fita."

"Ranar da aka ɗauki waƙar nan Tabawa tana da tsohon cikin uwata. Numfashinta bai kai ba. Guɗar ta yanke mata a tsakiya, ta yi tari, ta fashe da dariya. Abin da Barmo yake yi wa madalla ke nan, zolayarta yake yi. Shi ya sa muke sa wa amare, don su biyu ne a cikin muryar, da ita da uwarmu." Ta nuna garmahon da sandarta. "Wannan da ka kawo ta fi kakata iyawa. Ban san ta ba."

Tafin ya mutu a hannun mutane.

"Mama, tsufa kan sa mutum ya tuna abu ba yadda yake ba."

"Haka ne, tsufa yana yi." Ta miƙe da ƙyar, ta ɗaga allurar, ta cire faifan. "Ina yarinya uwata ta taɓa marina don na ɗauke shi da hannu ɗaya. Ta ce in ya faɗi ya tafi ke nan, kamar ƙwai yake. Ko ba haka ba ne, Bagobiri?"

"Haka ne, Hajiya. Don Allah kada ki..."

Ta sake shi.

Faifan ya bugi daɓen siminti, ya yi tsalle, ya mirgina a kan gefensa har ƙarƙashin kujerun baya, ya yi ta juyi kamar faranti, ya kwanta. Ko tsagewa bai yi ba.

Dakta ya dubi mutanen. Ya ga idanun zauren sun bar shi, kowa ya koma yana kallon jakar da ke kan cinyarsa. Duk sun taɓa ba shi aro.

Alhaji Mudi ya zaro wani faifai mai jan tambari daga jakarsa. Kowa ya san shi, saboda shi ya yi tafiya har Kumasi, ya yi wata guda yana lallashin wasu magada. Ya riƙe shi da hannu biyu. In ya sake shi ya fashe, da hannunsa ya kashe shi. In bai fashe ba, an daɗe da kashe shi.

"Dakta," ya ce a hankali, "ka hutar da ni. In sake shi, ko kada in sake shi?"

Kalma ɗaya ake nema, kuma ko a nan Lawandi bai iya faɗinta ba. Ya sunkuyar da kai.

Alhaji Mudi ya yi bismilla ya buɗe hannuwansa. Faifan ya yi tsalle. Tsohon ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hularsa, ya rufe fuska da ita. Daga nan sai ƙarar faɗuwa ta cika zauren, wannan ya saki nasa, wancan ya saki, kowa yana roƙon Allah nasa ya fashe. Babu ko ɗaya da ya fashe.

Hajiya ta bi ta gaban Dakta za ta fita. Ya ce, "Mama, faifanki."

"Riƙe abinka. Ba abin da na ba ka ba ne."

Washegari aka kai Ikilima ɗakinta. Matan gida suka yi guɗa iyakar ƙarfinsu, Hajiya Yalwa kuwa ta zauna a ɗaki ba ta fito ba. Kundin Dakta yana nan har yau a ma'ajiyar gidan, kuma masana sun tabbatar babu kuskure a cikinsa ko ɗaya. Duk mai son sanin watan da Tabawa ta yi guɗa zai samu a rubuce. Guɗar ce ba zai ji ba, shi da duk wanda za a haifa.

Hukumar gidan ta kore shi, jami'ar da ta ba shi digiri ta karɓe abinta, aka kwance Tantance aka sayar wa 'yan gwangwan. Kotu ta same shi da laifin cin amana da zamba, ta sa aka zagaya da shi gida-gida ya faɗa wa kowane mai faifai da bakinsa abin da ya yi da kayansa, sannan ta ɗaure shi shekara goma sha biyu ba zaɓin tara.