Sifikun da Kishi Ya Ƙona

Ranar Talata ce, ana yayyafi, ta fake a ƙofar shagonsa. Ɗan Waya, kamar yadda 'yan layin ke kiransa, yana gwada wasu tsofaffin sifiku biyu na katako masu nauyin tsiya.

"Zauna a tsakiya, ki rufe ido," ya ce mata. "Da kunne ake zaɓen sifika."

Ta zauna ta rufe. Shi kuwa ya manta da kiɗan, fuskarta kawai yake kallo. Tun daga ranar yake kiranta Kunnena.

Da maganar aure ta taso, Babanta ne ya ƙi. "Yaron da ya gudu daga aji uku? Auta, ki shiga hankalinki."

Wata Asabar Baban ya aike ta layin ta zaɓo masa sifikun falo, ya ce kada ta kuskura ta taka shagon yaron nan. Sai ta shiga wanda ke kallon nasa, na Mai Gilashi, tuzuru mai yawan fesa turare. Ɗan Waya na hango ta, ta zauna a tsakiya, ta rufe ido, har da murmushi. Rufe idon da shi ya koya mata.

Ya tura saƙo: "Kunnena, buɗe idonki. Mutumin nan kallonki yake."

Ta amsa: "Ai kai ma haka ka yi."

Zuciya ta ɗebe shi. Ya jawo sifikun nan biyu, waɗanda ya ƙi sayarwa don ɗakin aurensu ya tanade su, ya juya su titi, ya ƙure amfilifaya, na'urar ƙara murya, don ya danne na Mai Gilashi. Layi ya ɗauka. Sai ƙauri, sai hayaƙi, sai tsit.

Ta tsallako tana dariya. "Sarkin kishi, yanzun nan na gama faɗa masa nasa ƙara ce kawai, naka ne masu daɗi. To me zan kai wa Baba?"

Labarin ta kai masa. Baban ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Wanda ya ƙona jarinsa a kanki, ko mahaukaci ne ko da gaske yake. Ce masa ya zo in gani."

Ya zo, ya zauna gaban Baban. Suka ɓata yamma guda suna gardamar wace sifika ta fi fitar da ganga, maganar aji uku ba ta ko taso ba.

Bayan damina aka ɗaura aure. Baban ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, shi kuma ya rage masa kishi."

Abin da aka rasa dai: sifika biyu, amfilifaya ɗaya, da gaisuwar Mai Gilashi.