Fayil Ɗin Da Ya Ƙi Fita

Kowa ya tashi daga ofis, saura Dogo mai rubuta manhaja. Da rana ya cusa wani ƙaton fayil na bidiyo cikin ma'ajiyar da ke adana tarihin aikinsu, ta cushe. Ya goge shi, amma nauyin na nan daram. Oga kuwa ya ce idan gari ya waye a haka, ya nemi wani aikin.

Can dare ya raba, fanka ta tsaya, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

"Ɗan'uwa, abin da ya shiga tarihi gogewa ba ta fitar da shi."

Wani mutum ne a teburin gefe, yana ta danna madannan kwamfuta, amma ko ƙas ba ka ji.

"To yaya zan yi, Malam?"

"Tun farko ake kai gangar jikin fayil ɗin zuwa wani wuri, a bar sunan kawai a nan. Ka makara. Ni ma haka aka yi da gangar jikina."

Biro ya suɓuce wa Dogo, ya sunkuya ɗauka. A ƙarƙashin teburin mutumin takalmansa ne a jere, babu ƙafa a cikinsu.