Layi Na Ɗari Da Arba'in

A ɗakin taron masu rubuta manhaja suka fara haɗuwa, hawa na biyu, tsohuwar fanka na ta ƙara a sama. Dogo ya shafe awa guda yana hararar kwamfutarsa. Auta ta zo wucewa ta bayansa, ta leƙa.

"Malam, waƙafi ka manta a layi na tara."

Ya saka, aiki ya tashi. Ya ɗago ya kalle ta, baki buɗe. Tun ranar yake kiranta Waƙafina.

Auta na cikin masu kula da zauren intanet inda 'yan sana'ar ke wallafa maƙaloli, kuma ba abin da ta tsana irin satar rubutu. Wata takwas suna tare, har an fara maganar turo manya, sai ga saƙonsa:

"Waƙafina, ga sabuwar maƙalata. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin in sake ta."

Ta buɗe a kwamfutar falo, ta kai rabi, Umma ta ƙwala mata kira daga kicin, ta tashi ta bar maƙalar a buɗe. Ta tura masa: "Ta yi kyau, Dogona."

Bayan kwana uku ya wallafa. Kafin azahar zaure ya hargitse: maƙalar, kalma da kalma, tana nan tun shekaranjiya da sunan wani. Auta ta duba sunan, wayar ta kusa suɓuce mata. Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Saƙon Dogo ya shigo: "Ke kaɗai na tura wa. Yau ni ake kira ɓarawo. Me na yi miki?"

Ta kira shugaban masu kula da zauren. Ya yi hamma ya ce wanda ya riga wallafawa shi ne mai ita, kuma ai kowa na kwafa.

"Shi ya sa masu iyawa suka daina rubutu!" ta faɗa, ta kashe wayar.

A gida kuwa Yaya ya riga ta kai labari. Baba ya ce, "Yaron da ya saci aikin yayanki a bainar jama'a zan ba 'yata? A bar maganar nan."

Ta shige ɗaki ta bi maƙalar layi-layi tana neman hujja. A can ƙasa, a misalin manhajar da ke ƙarshen maƙalar, cikin bayanan gefe da na'ura ba ta karantawa, ta ci karo da abin da ya sa ta toshe baki da hannu biyu.

Ta fito falo ta miƙa wa Yaya wayar.

"Yaya, kai ka rubuta duka?"

"Da hannuna. Ni sa'anki ne?"

"To karanta wa Baba layi na ɗari da arba'in."

Ya gyara murya. "Waƙafina, in kin iso nan, ni Dogo ina roƙon ki zama mat..."

Ludayi ya faɗi daga hannun Umma, ta dubi Yaya.

"Innalillahi! Auren ƙanwarka kake nema a intanet?"

Baba ya cire tabarau a hankali. "Ka sata, ko karantawa ba ka yi ba? Kuma ka zo ka sa na ci mutuncin ɗan mutane?"

Yaya ya bi ta har ƙofar ɗaki. "Auta, rufa mini asiri. Masu ɗaukar ma'aikata na leƙa zauren nan."

"Shi Dogo ba a leƙa nasa sunan?"

Tana hawaye ta sauke maƙalar Yaya daga zauren da hannunta, ta rubuta dalili ƙarara, ba ta ɓoye cewa yayanta ne ba. Yaya ya wallafa ban haƙuri, Baba na tsaye a kansa. Sannan ta rubuta wa Dogo:

"Yau na karanta har ƙarshe. Ka yafe mini. Amsata eh ce."

"Ni ne mai neman gafara da na zarge ki, Waƙafina."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun Dogo ya daɗe bai saki ba.

"Na zalunce ka da bakina, ɗana. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai gaskiya." Ya waiwayi Yaya da ke jera wa baƙi kujeru. "Kai kuma, ran da za ka nemi taka matar, ka zauna ka rubuta da kanka."

Falo ya ɗauki dariya, Umma na share ido tana ta amin, amin.