Notin Kakana

Tun da gona ta gagara zuwa, notunan tsohuwar gadar ƙarfen da ke hanyar Gummi nake kwancewa ina kai wa 'yan gwangwan. Ran nan bayan isha'i ina cikin murɗa wani, sai ruwa ya ɗigo mini a wuya, alhali kogin a bushe yake ƙayau.

Na ɗaga kai. Wani tsoho ne zaune a ƙarfen sama, rigarsa sharkaf.

"Ɗan nan, bar wanga," in ji shi. "Shi ɗai ka riƙe da ni."

Ya miƙo hannu, yatsunsa uku. Inna ta sha ba ni labarin kakana mai yatsu uku, da ya faɗa kogi lokacin aikin gadar, ba a ga gawarsa ba.

Notin kuwa ya riga ya faɗo tafin hannuna.