Baƙon da Ya Ɓuya a Kwamfutar Ɗakin Sanyi

Wari ne ya fara tarbar Sufeto Mu'awiyya tun bai sauko daga mota ba. Ɗakin sanyin ƙungiyar manoman tumatir yana bakin hanyar Kurmin Kogi, in an fita daga Ikara, kuma da hantsin nan ƙofarsa a wangale take. Kwanduna ne jibge har rufi, jan ruwa na tsiyaya daga gindinsu yana bin siminti. Manoma sun yi cincirindo a waje, kowa na faɗin tasa.

Alhaji Inuwa, shugaban ƙungiyar, shi ya kai ƙara, shi kuma ya tare shi.

"Yallaɓai, gani ya kori ji. Noman ranin mutane ne kaf ya ruɓe. Injin sanyi ya tsaya ba wanda ya sani, allo kuwa yana nuna lafiya lau. Wa ke riƙe da kwamfutar da ke tuƙa injin? Raudatu. Na ce a ɗauko injiniya daga Zariya, aka ce a'a, ga 'yar gida ta yi digiri. To ga digirin nan yana wari."

"Sayar da wutar solar ɗakin take yi!" wani ya ɗaga murya daga baya. "A tafi da ita!"

Raudatu na tsaye a ƙofar ɗan ofishin da ke jikin ɗakin sanyin. Tun safe ake zaginta, ana haɗawa da malamin da ya haife ta, amma idonta a bushe yake, ko gezau.

Sufeto ya juya ga Saje Ukasha. "Zare kwamfutar a sa a mota. Raudatu ma ta shiga."

Saje ya sunkuya zai kama waya, sai Raudatu ta tare soket ɗin da jikinta.

"Yallaɓai, ni ku tafi da ni. Amma wannan kada a kashe ta."

"Kayan shaida ce, malama. Caji ofis za ta."

"Shaidar ba a ajiye take ba, a cikin tunaninta take. Kana zare wuta za ta manta komai. Akwatin ƙarfe kawai za ka kai wa DPO."

"Ka ji rainin wayo ko?" in ji Alhaji. "Goge laifinta za ta yi. Ku zare kawai!"

Sufeto ya matso kusa da kwamfutar. Tun da ya shiga aikin ɗan sanda, abin da ya sani shi ne a ɗauki kayan shaida a kai ofis. Saniya ce a ɗaure ta a bayan ofis, babur ne a jingine shi. Bai taɓa jin shaidar da ke mutuwa in an ɗaga ta ba. Ya dafa akwatin kwamfutar, ya janye hannu da sauri. Zafi kamar murfin tukunya, fankar cikinta kuma na ta gunji.

"Zauna ki nuna min," ya ce. "Ina tsaye a kanki. Kika goge ko harafi, ankwa."

Raudatu ta ja kujera. Allon baƙi ne ƙirin, babu hoto ko ɗaya, sai farin rubutu. Ta buga haruffa biyu, ps, da 'yan wasu a gabansu. Sunaye suka zubo.

"Waɗannan su ne manhajojin da kwamfutar ta ce tana gudanarwa. Duba nan, duk hutawa suke yi."

"To me ya sa take zafi?"

"Tambayar ke nan."

"Ni nake tambaya, malama, ba ke ba."

"Ƙarya take mana, Yallaɓai."

Saje ya tuntsire da dariya. "Oga, yau kwamfuta ma ta shiga sahun waɗanda ake tuhuma."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya fita ya sa aka kira Hamisu, sakataren ƙungiyar, wanda ke riƙe da ɗayan makullin ofishin. Siririn mutum ne, yana ta murza hularsa.

"Kana taɓa kwamfutar nan?"

"Ni? Wallahi ko kunna ta ban iya ba."

"Amma an buɗe maka suna a ciki?"

"An buɗe, don shigar da kwanduna. Na daɗe ban shiga ba."

"Yanzu ka ce ba ka iya ba."

"Wato... ban iya sosai ba, ranka ya daɗe."

Da ya koma ciki, ya tarar rubutun allon ya sauya. Lambobi ne da haruffa a cakuɗe, kamar an watsa gero a tabarma. Ya ƙura musu ido har kansa ya fara sarawa.

"Wannan kuma fa?"

"Na daina tambayar ɗan aike, na shiga wurin mai gida. Akwai abin da ake kira kanel, shi ne zuciyar kwamfuta, shi ke raba wa kowace manhaja lokacin aiki. Ba ya iya ciyar da wanda bai sani ba. A cikinsa kowace manhaja tana riƙe da hannun ta gabanta da ta bayanta, kamar sarƙa. Ni kuma da wannan manhajar, crash, nake bin sarƙar ɗaya bayan ɗaya."

"Kanel ɗin a ina yake? Nuna min shi."

"Ba a ganin sa da ido."

"Ba a ganin sa, ba a ɗaukar sa, amma shi ne shaida." Sufeto ya share gumi. "Allah Ya kyauta. Ci gaba."

Ta ci gaba da bugawa. Daga waje wani ya jefo ruɓaɓɓen tumatir ta taga, ya fashe a kafaɗarta. Saje ya yi waje yana daka tsawa. Ita kuwa ko waiwaye ba ta yi ba, ta goge da gefen mayafi, yatsunta suka koma kan madannai.

Can ta ɗora yatsa a kan allo.

"Ga shi. Wannan yana cikin sarƙa, amma babu shi a sunayen farko. An sa masa abin da ke ɓoye shi."

"Me yake yi?"

"Mainin. Haƙar kuɗin intanet. Ka san layin injin niƙa? To ƙato ne ya zo ya kankane bakin injin. Manhajar da ke tada injin sanyi tana bayansa, layi bai zo kanta ba. Wadda ke sabunta allo ma haka, shi ya sa allon ya daskare a kan lafiya lau."

Wannan kam Sufeto ya gane. Aƙalla ya gane ƙaton.

"Wa ya shigo da shi?"

"Kanel yana manna wa kowace manhaja lambar wanda ya fara shiga ya tada ta. Ko ya sauya riga daga baya, lambar na nan." Ta buga wani layi, ta duba, ta sake dubawa. Muryarta ta yi ƙasa. "Ta Hamisu ce."

Aka shigo da Hamisu, Alhaji na biye da shi.

"Sace min kalmar sirri aka yi!" in ji Hamisu. "Na rantse ban san wani mainin ba."

"Wa ya sace?"

Alhaji ya riga Hamisu buɗe baki.

"Ashe su biyu ne!" Alhaji ya tafa hannu. "Ita ta koya masa. Ko kuma ita ta shiga da sunansa don ta laƙa masa. Ba ita ta buɗe sunayen ba? Yallaɓai, wa ya san abin da take rubutawa a nan? Kai ka sani?"

Maganar ta soki Sufeto, don gaskiya ce. Bai sani ba. Duk abin da ya ji daga bakin wadda ake tuhuma ya ji shi, kuma in ta ce wannan lambar sunan sarkin aljanu ce, ba shi da hanyar musantawa. Ya dubi allon, ya dubi mutanen uku, ya ji kamar an saka shi a kasuwar da ba ya jin yarenta.

Sai ya koma ga abin da ya sani. Mai kaza ba ya barin ta ta yi ƙwai bai leƙa ba.

"Malama, mai wannan abu, ta yaya yake sanin yana aiki?"

Raudatu ta shiga ƙwaƙwalwar manhajar, ta zaro umarnin da aka tada ta da shi, ta karanta a hankali. "Tana aika rahoto waje. Kuma an saita, in ta tsaya, a turo wa mai ita saƙo a waya."

"Za ki iya tsayar da ita ba tare da shaidar ta mutu ba?"

"Sai na kwafe tunanin kwamfutar duka tukuna a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka mata. Wannan kana iya kai wa duk masanin da ka ga dama ya duba ni."

"Kwafe. Ku kuma, kowa ya ɗora wayarsa a tebur. Har ke."

Wayoyi uku suka hau tebur. Da ta gama kwafewa, ta miƙa wa Sufeto filas ɗin, sannan ta buga umarni ɗaya gajere.

Gunjin fanka ya lafa. Jim kaɗan, ta bayan bango, injin sanyi ya yi tari ya tashi. Hayaniyar waje ta ɗauke.

Suka zuba wa wayoyin ido. Shiru. Hamisu na karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Raudatu ta harɗe hannuwa. In babu wadda ta yi ƙara, ya san da wa zai koma ofis, ita ma ta sani.

"An gama wasan?" in ji Alhaji. "Ni ina da..."

Ƙara ta tashi, ƙil-ƙil. Ba daga tebur ba. Daga aljihun babbar rigar Alhaji.

Saje ya zura hannu ya zaro wata waya sabuwa fil. Saƙon na nan a kan fuskarta. Raudatu ta fassara: ma'aikacinka ya daina aiki.

Alhaji ya nemi kujera ya zauna.

"Wani ne ya sayar min da filas a kasuwar Makarfi," ya ce. "Ya ce wutar sola kyauta ce, kwamfuta na zaune banza, in soka kawai in buga abin da ya nuna min. Na karɓi kalmar sirrin Hamisu, na ce in ya faɗa a bakin aikinsa. Wallahi ban san zai taɓa injin ba. Har da kwandunana a ciki."

"Da ka ga ɓarna fa, me ya kai ka kanta?"

"Mutane sun cika min ƙofar gida, Yallaɓai. Dole a ce wani ne."

Saje ya ɗaura masa ankwa. A bakin ƙofa Alhaji ya tsaya, ya juyo.

"Raudatu, 'yata, ki yafe min."

Ta miƙe tsaye, jan tabon na nan a kafaɗarta.

"Ba a ɗaki ka ɓata min suna ba, Baba Alhaji. Ga su can a waje."

Sufeto ya dube ta, ya dubi taron manoman da suka toshe hanyar mota. Ya kama hannun Alhaji ya fito da shi tsakiyar rana.

"Ku yi shiru," ya ce da ƙarfi. "Shugabanku yana da magana."