Hodar Anti da Gudun Auta

Wata yarinya 'yar aji shida tana da ƙane, ana ce masa Auta. Auta zabiya ne, rana ba ta raga wa fatarsa ko kaɗan. Kullum kafin ya fita, sai Mama ta shafa masa man kariya daga rana.

Shi kuwa ya tsani man nan, wai danƙo gare shi. Amma fa wajen gudu, tab! Duk ajinsu babu mai kamo shi.

Ranar gasar gudu ta makaranta, Mama za ta fita aiki da sassafe. Ta miƙa wa yarinyar man.

"Ki shafa masa sosai, har wuya da kunnuwa. Ki tafi da shi a jaka, idan ya yi gumi ki ƙara masa."

"To, Mama."

Mama na fita, Auta ya tubure.

"Ni dai ba na so, Yaya! Idan na yi gumi, ido yake shigar min."

Ta lallashe shi, ya ƙi. Ta yi masa tsawa, ya fara hawaye. Ga lokaci yana tafiya.

Sai ta tuna da hodar Anti. Anti ƙanwar Mama ce, sana'arta yi wa mata kwalliya. Yarinyar ta taɓa jin ta tana gaya wa wata mata cewa hodar da ma'adinai aka yi ta, har rana tana tarewa.

Ta shiga ɗakin Anti da sanɗa, ta ɗauko hodar daga gaban madubi. Ta ɗan kaɗa wa Auta a goshi da kumatu. Ko ta kan wuya da kunnuwa ba ta bi ba.

"Ka ga, babu danƙo!"

Auta ya washe baki. Suka fita da gudu, man yana nan a kan tebur.

Filin makaranta babu inuwa. Auta ya zo na ɗaya a zagayen farko, aka ce gobe ne zagayen ƙarshe. Tun kafin azahar gumi ya wanke hodar tas.

Da suka dawo gida, Auta ya kasa cire rigarsa. Fuskarsa ta yi jajawur. Wuyansa da kunnuwansa duk sun yi bororo.

"Wayyo, Mama, zafi!"

Mama ta ga man a kan tebur. Ta dubi yarinyar. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta faɗi gaskiya.

A asibiti likita ya wanke wurin, ya ba da magani.

"Kada ya shiga rana sai ya warke," in ji shi.

"Gudun gobe fa?" Auta ya tambaya.

Likita ya girgiza kai. Hawaye ne kawai suka zubo wa Auta. Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gara ma a ce dukanta aka yi.

A gida Anti ta zaunar da ita.

"Haba 'yata! Hodar tana ɗan tare rana, gaskiya ne. Amma wa yake shafa ta da kaurin da zai isa? Ga gumi yana wanke ta. Ni kaina sai na shafa mai tukuna nake ɗora hoda."

"Ban sani ba, Anti."

"Ai da kin tambaya."

Washegari aka yi gudun babu Auta. Yarinyar ta kasa kallo, ta zauna a aji ita kaɗai. Da ta koma gida, ta durƙusa kusa da shi.

"Ka yafe min, Auta. Ni na jawo maka."

"Ni ma ai na ƙi man, Yaya."

Da Auta ya warke, malamin wasanni ya kira shi.

"Na ga gudunka ranar nan. Kana cikin waɗanda za su wakilci makaranta a gasa ta gaba."

Auta ya daka tsalle, ya ruga ya rungume yayarsa. Sai a lokacin hankalinta ya kwanta.

Daga ranar ta gane cewa hoda ba ta maye gurbin man kariya. Kuma idan aka ba ka amanar lafiyar wani, kada ka canza abin da aka ce sai ka tambayi manya.